Akwatin Ƙarfen Baba Boaz

Ranar Lahadin da aka sace akwatin Baba Boaz, kusan duk unguwar Takau tana coci. An tashi sujada wajen sha biyu da rabi. 'Yarsa Paulina ta riga shi isa gida, ta tarar da ƙofar ɗakinsa a buɗe, kwaɗon yana rataye lafiya lau da mabuɗi a jiki. Ba a taɓa rediyo ba, ba a taɓa buhunan masara ba, wayarta da ta manta a kan tebur tana nan. Akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado ne kaɗai babu.

Kafin la'asar magana ta zagaye unguwa. Wata tsohuwa da ciwon gwiwa ya hana ta zuwa coci ta ce ta ga Jamiluddeen mai sayen citta a bayan gidan, sanye da takalmin ruwa. Samari suka fara taruwa a bakin titi suna duban hanyar kasuwa, inda sitonsa yake. A Kafanchan kowa ya san yadda irin wannan taruwa take farawa da inda take ƙarewa, shi ya sa mai unguwa bai jira komai ba, ya aika a kira Tagwai.

Tagwai maharbi ne mutumin Kagoro, siriri, ya haura hamsin, ba ya son yawan magana. Bin sawu ne sana'arsa. Makiyayi in an kore masa shanu shi yake nema, manomi in an kwashe masa awaki shi yake nema, kuma bai taɓa tambayar mai kaya ko ɓarawo inda yake ibada ba. Ya tarar da tsakar gidan cike da masu jaje, sun tattake komai. Sai ya zagaya ta baya.

An yi ruwa ranar Asabar, ƙasa da sauran laushi. A gonar citta ya ga sawun takalmin ruwa iri biyu, dukansu manya. Ɗaya ya zo daga titi, ya zagaya kunyoyi, ya koma titi. Ɗayan ya fito daga ƙofar baya, ya ratsa gonar, ya wuce ƙarƙashin wata gwaiba, ya miƙe har layin dogo. A nan ya hau tsakuwar layi ya ɓace. Tagwai ya tsuguna ya auna tazarar takun da sandarsa, ya sa yatsa a gurbin dunduniya, ya ɗaga kai ya dubi reshen gwaibar. Sa'an nan ya koma cikin gida.

* * *

Baba Boaz yana zaune a bakin gado da rigarsa ta coci. Tsoho ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa duk tabon ƙarfe.

"Baba, me ke cikin akwatin?" in ji Tagwai.

"Littafi ɗaya da hotuna. Babu kobo."

"Littafin me?"

Tsohon ya dubi 'yarsa, ta fitar da mutane ta jawo ƙofa. Sa'an nan ya ba da labarin a hankali, kamar wanda ya sha maimaita shi a zuci.

Shi makanike ne a tashar jirgin ƙasa ta nan Kafanchan. Da aikin reluwe ya mutu, shi da amininsa Christopher suka tafi Legas suka koma gyaran injin jiragen ruwa. Shekara talatin da suka wuce wani dillali ya ɗauke su zuwa wata ƙasa ta Turai, su taya ɗauko jirgin kamun kifi. A lokacin ana yaƙin basasa a wata ƙasa ta bakin teku a nan Afirka ta Yamma, ita kuwa ƙasar Turan ta yi shela cewa ita 'yar ba-ruwanmu ce, ba za ta sayar wa kowane ɓangare ko harsashi ɗaya ba.

"A takarda jirgin kifi ne," in ji Baba Boaz. "Amma tun a ma'aikatansu na ga zoben ƙarfe biyu da aka yi wa walda a saman jirgin, da ramin kusoshi. Mai kama kifi ba ya bukatan wannan. Kwana huɗu da tashinmu wani jirgi ya same mu a tsakiyan teku, aka sauke igwa biyu, suka zauna a kan zoben nan daidai wa daida."

Da suka kai jirgin, sojojin da suka saya suka hana su tafiya, don babu wanda ya iya injin. Wata uku suka yi. A cikin watannin nan jirgin ya nutsar da wani jirgin fito da ke ɗauke da masu gudun yaƙi. Baba Boaz ya rubuta komai rana rana a littafin ɗakin inji, ya kuma ɗauki hoton zoben tun yana ma'aikatar.

"Yanzu dangin mutanen sun kai ƙara. Ƙasan Turan ya ce shi jirgin kifi ya sayar, abin da aka yi da shi ba ruwansa. Lauyan dangin zai zo jibi, a'a, gata, ran Laraba, ya karɓi littafin."

"Wa ya san da maganar?"

"Na faɗa wa fasto. Fasto ya sa a addu'a. To, kowa."

"Wa ya san inda ake ajiye mabuɗi?"

Paulina ta ce, "Ƙarƙashin turmi yake, tun Mama tana da rai. Mutanen gida ne kawai. Amma Kawu, akwai wani baƙo, Godspower, ya zo daga Legas ran Alhamis. Ya ce yana so ya saya littafin, Baba ya kore shi."

* * *

Jamiluddeen ya rufe sitonsa ya zauna a ciki a kan buhun citta. Kakansa ne ya fara sayen citta a garin, shi kansa a nan aka yanke masa cibiya. Da Tagwai ya ƙwanƙwasa, sai da ya leƙa ta kafar ƙofa kafin ya buɗe.

"Na je gonar," in ji shi, tun ba a tambaye shi ba. "Baba da kansa ya ce in je in duba gonar, in ga ko cutar bara ta taɓa ta. Lahadi ce kaɗai ranar da nake da sarari. Ban kusanci ɗakin ba, Allah shi ne shaidata."

"Kawo takalmin."

Ya kawo. Sabo ne, zanen ƙasansa bai ci ba. Tagwai ya ce ya sa, ya taka daga wannan bango zuwa wancan. Jamiluddeen ya taka, dogon mutum mai dogon taku.

"Ka ga kowa?"

"Na hango wani can wajen layin dogo, da rigar ruwa baƙa, da kaya. Na ɗauka ɗan ƙwadago ne." Ya ƙara da cewa, "Malam Tagwai, matata ta kwashe yara ta kai gidan iyayenta. Shekara ashirin ina cin abinci a gidan Baba Boaz ranar Kirsimeti."

"Kada ka buɗe gobe," in ji Tagwai. "Ka zo gidan mai unguwa ƙarfe biyar na yamma."

A hanyar komawa ya tsaya wurin samarin. Ya ce musu sawu biyu ne, bai gama karantawa ba, kuma duk wanda ya taɓa siton nan shi zai bi sawunsa har gadon uwarsa. Sun san yana iyawa, suka watse da guna-guni.

* * *

Da safiyar Litinin Tagwai ya sami Godspower a harabar otal yana karyawa da shayi da ƙwai. Mutum ne mai tsafta, da agogo mai kyau, ya yi zaman Kaduna ya iya Hausa daidai gwargwado.

"Jiya ina cocinsu daga tara har aka tashi," in ji shi. "Fasto ya sa na miƙe a matsayin baƙo, aka tafa mini. Tambayi kowa."

"Wa ya aiko ka?"

"Ofishin lauyoyi. Su ma wani ya aiko su. Ni ban san yaƙi ba, oga, ina firamare aka yi shi. An ce in saya tsohon littafi, mai shi ya ƙi, shi ke nan."

"To me ya zaunar da kai har yau?"

Godspower ya yi murmushi. "Garin yana da daɗi."

"Bayan Baba Boaz, wa ka gani?"

Ya ɗan juya cokali a kofi. "Na gaida matan abokinsa. Madam Afiniki. Gaisuwa kawai, ran Juma'a. Na ce mata ta shirya, don in littafin ya fita 'yan jarida za su zo, sunan mijinta yana ciki. Taimako ne na yi mata."

Tagwai ya dubi ƙafarsa. Takalmin fata ne siriri, babu ko ɗigon laka.

* * *

Christopher ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ya mutu yana dattijon ikilisiya, kuma sunansa aka sa wa ɗakin karatun Lahadi na yara. Matarsa Afiniki ta haura sittin, har yanzu ita take noma gonarta, ita take ba da waƙa a zumuntar mata ta coci. Gidan Baba Boaz kamar gidanta ne.

Tagwai ya same ta tana tsince wake a faranti a ƙofar kicin. Da ya yi sallama ba ta juyo da wuya ba, sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya, kamar mai ciwon wuya.

"Mama, ina kwana. An ce ba a gan ki a coci ba jiya."

"Zazzaɓi ne, ɗana. Na kwanta."

"Sannu. Kin ji abin da ya sami Baba?"

"Na ji. Ubangiji ya tona." Ta ci gaba da tsintar wake. "An ce yaron nan mai citta ne."

"Haka ake cewa. Samari suna maganar sitonsa."

Hannunta ya tsaya a cikin faranti, sa'an nan ya ci gaba. Tagwai ya sha ruwan da ta ba shi. Ya lura da toka sabuwa a bayan rumbu, inda ba a girki. Ya roƙe ta ta zo gidan mai unguwa da yamma, tunda maganar ta shafi marigayi.

Zato ba sawu ba ne, shi kuwa ba ya kai wa mutane zato. Ya koma layin dogo, wurin da sawun ya ɓace. Ya bi gefen layin ta gabas har gada, bai ga inda aka sauka ba. Ya dawo ya bi ta yamma, yana tafe yana duban ciyawa. Bayan tafiyar kusan rabin awa ya ga inda tsakuwa ta zame, aka sauka. Daga nan hanyar gari tana hannun dama, amma sawun ya yi hagu, ya shiga maƙabartar coci.

A ƙarƙashin wani mangwaro ƙasa ba ta bushe ba. Tagwai ya tsaya a nan ya daɗe yana kallo. Bai ji daɗin abin da ya gani ba, amma ya tuna Jamiluddeen a kan buhun citta a bayan rufaffiyar ƙofa. Ya karya reshe ya kare wurin don kada awaki su taka.

* * *

Ƙarfe biyar aka hallara a tsakar gidan mai unguwa. Baba Boaz da Paulina a benci ɗaya, fasto a kujera, Afiniki a kan tabarma, Godspower a tsaye da waya a hannu. Jamiluddeen ya zauna shi kaɗai kusa da ƙofa. Samari sun cika bakin katanga.

Tagwai ya tsaya a tsakiya da sandarsa.

"Sawu biyu ne a gonar. Na farko na Jamilu ne. Ya shiga, ya duba citta, ya fita, bai zo kusa da ɗaki da taku ashirin ba. Wanda yake shakka ya zo in nuna masa, yana nan."

Babu wanda ya motsa.

"Na biyu takalmin namiji ne, tsoho, an yi masa faci a hagu. Amma ƙafar da ke ciki ƙarama ce. Dunduniya tana nutsewa, bakin takalmin ba ya taɓa ƙasa sosai, kuma takun gajere ne. In namiji ya ɗauki akwati a kafaɗa, ƙafa ɗaya tana fin ɗaya nutsewa. Wannan duka biyu daidai suke, a ka aka ɗauka. A ƙarƙashin gwaiba an rage tsawo, akwatin ya goge reshe. Kuma ba a fasa kwaɗo ba, an san mabuɗi yana ƙarƙashin turmi."

"To wane ne?" in ji mai unguwa.

"Ɓarawo in ya ɗauki kaya sauri yake ya ɓuya. Wannan ya bar hanyar gari ya shiga maƙabarta. Ya sauke akwatin a gaban kabari ɗaya, shatinsa yana nan. A gefensa akwai gurbin gwiwa biyu, sun nutse ƙwarai. An daɗe a durƙushe." Ya saukar da murya. "Na karanta sunan da ke kan kabarin. Na fi so mai gwiwar ya faɗa da bakinsa."

Wata kaza ta ratsa tsakar gida. Afiniki ta dafa ƙasa ta miƙe a hankali.

"Yana cikin rumbuna," ta ce. "Ni ne na ɗauka. Na je kabarin mijina, Baban Milka, na gaya masa abin da zan yi, na ce ya yafe mini in kuskure ne."

Paulina ta rufe baki da hannu. Baba Boaz bai ɗago ba, ya ce, "Kin ƙona?"

"Na hura wuta. Na buɗe littafin, rubutunka ne da Turanci, ban iya karantawa ba. Sai na ga ba zan ƙona abin da ban san me ya ce ba. Shekara goma sha tara muka yi bayan ya dawo, bai taɓa gaya mini komai ba. Sai wannan baƙo ya zo ya ce mijina ya kashe mutane, za a sa a jarida, za a cire sunansa a coci. Ya ce in littafin ya ɓace babu wanda zai sani."

Idanu suka koma kan Godspower. Ya ɗaga hannuwa biyu. "Ni ban ce ta ɗauka ba. Ban taɓa komai ba. Magana na yi kawai."

Mai unguwa ya aiki mutum biyu suka ɗauko akwatin. Afiniki ta ce kafin a rufe maganar tana da roƙo ɗaya: Boaz ya karanta mata abin da ya rubuta ranar da aka nutsar da jirgin, a nan, gaban kowa. Fasto ya so ya hana, ta ce ta riga ta sha kunyar da ta fi wannan.

Baba Boaz ya sa tabarau, ya buɗe littafin, bai yi neman shafin ba. Ya karanta yana juyawa da Hausa.

"Sha bakwai ga wata. Ƙarfe shida da kwata na safe, an hango jirgin fito. Igwan gaba ya cije. Kyaftin ya sa a kira makanikai, soja biyu a bayanmu. Christopher ya kwance, ya gyara. Ni na riƙe masa sufana. Ƙarfe bakwai saura, an harba sau huɗu. Bakwai da rabi babu komai a kan ruwa sai kaya."

Ya rufe littafin.

"Mutum nawa?" in ji Afiniki.

"Lauyan ya ce ɗari biyu da sittin da ɗaya. Waɗanda aka san sunansu."

Ta koma ta zauna a kan tabarma. Ba ta yi kuka ba. Baba Boaz ya ce shi bai kai ƙara wurin kowa ba, kuma ba zai kai ba, kayansa sun dawo. Samarin suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu babu wanda ya je wurin Jamiluddeen. Paulina ce ta tashi ta durƙusa a gabansa ta ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya fita yana kiran matarsa a waya. Godspower ya bar garin da motar farko ta Talata.

* * *

Ranar Laraba lauyan ya iso, wani mai furfura da ya taso tun daga ƙasar da aka yi yaƙin. Mai unguwa ya roƙi Tagwai ya zauna a gidan har a miƙa littafin, don haka yana bakin ƙofa lokacin da Afiniki ta shigo da kayan zumuntar mata a jikinta, riƙe da wata tsohuwar ambulan a cikin leda.

Ta ce a cikin Littafi Mai Tsarki na marigayi ta same ta bayan rasuwarsa, ta adana ba ta san ko mece ce ba. Jiya ta kai wa Paulina ta karanta mata.

Lauyan ya zare takardar, ya karanta, ya sake karantawa, ya cire tabarau ya goge. Takardar shaidar horo ce ta kwana biyar a kan kula da igwar jirgin ruwa, da sunan Christopher, da hatimin ma'aikatar da ta ƙera jirgin, da kwanan wata mako biyu kafin su taso daga Turai. Baba Boaz ya karɓa ya duba. Ya ce ya tuna makon, Christopher ya ce masa kwas ɗin injin sanyaya kifi ake kai shi.

Lauyan ya ce a gaya mata wannan takarda ta fi littafin ƙarfi, amma ta sani za ta nuna mijinta ya san abin da jirgin yake tun kafin ya hau. Paulina ta fassara.

"Na gane," in ji Afiniki. "Ka tafi da shi. In za a rubuta sunan mijina, a rubuta har da na waɗanda suka koya masa."

Lauyan ya miƙo mata biro da takardar amincewa. Ta ce ba ta iya sa hannu ba, a kawo tawada ta dangwala.